Shafi na Goma Sha Ɗaya a Littafin Jana'izar Baba

Bolgatanga,
14 ga Janairu, 1996.

Yaya Oduro,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Gwaggo Dufie? Ni lafiya nake, ban da tari da na yi na kwana shida, ya kuma tafi. Yau wata huɗu da kwana goma da na fara bautar ƙasa a makarantar koyon sana'a ta nan, ina koya wa ɗalibai arba'in da uku zanen injina. Tun da na zo ban ci fufu na kirki ba. Tuwo ne kullum, na kusa sabawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wasiƙar Mama ta iso ran Laraba, da rubutun malamin coci kamar kullum. A ƙarshenta, bayan labarin akuya da rufin da ke yoyo, ta ce mahaifiyarka, Gwaggo Dufie, tana ta faɗa wa mata a coci wai ɗanta ya je Accra "ya rubuta injinsa a littafin gwamnati, daga yau duk mai son ƙera irinsa sai ya roƙe shi." Sau huɗu na karanta wurin.

Wane inji ke nan, Yaya? Inji ɗaya na sani a shagon nan da ya isa a kai maganarsa Accra, wato Tsohuwa, wadda Baba ya ƙera a 1981 don raba ƙwallon kwakwar manja da ɓawonsa ba tare da an jiƙa su a ruwan yumɓu kamar yadda aka saba ba. Shekara goma sha biyu tana bayan shago a ƙarƙashin tamfal. Bai sayar ba, bai bar baƙo ya leƙa ba, don ya san halin Magazin, unguwarku ta makanikai: abin da ka nuna da safe, kafin la'asar 'yan walda goma sun yi irinsa. Ya yi ta jiran ranar da hukuma za ta iya kare masa ita, da ranar ta zo ciwo ya riga ya kwantar da shi.

Ban ce ka yi laifi ba. Wataƙila Gwaggo ta ƙara gishiri, wataƙila malamin coci ya ƙara nasa. Amma in takardar mallakar ƙirƙira ka je nema, ina so in san ranar da ka shigar da buƙatar, da sunan da ka rubuta a gurbin wanda ya ƙirƙira. Kada ka ɗauke shi tuhuma. Ka san ni, ba na iya zama da abin da ban tabbatar ba.

Ka gaida Gwaggo. Ka ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Ƙanwarka,
Birago

Suame, Kumasi,
25 ga Janairu.

Injiniya,

Takardarki ta zo. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, don tambayoyinki sun fi na ɗan sandan kan hanya. Duk muna lafiya. Ƙafar gwaggonki da sauƙi. Bakinta kuwa kin san shi, bai taɓa ciwo ba.

I, na je Accra. Har taye na ɗaura, mai tasi ya ce, "Lauya, ina za a kai ka?" Maganar Tsohuwa na kai, ba wata ba. Ranar ban riƙe ba, ana gobe-gobe Kirsimeti ne dai.

Abin da Kawu, babanki, ya bari a hannuna yake. Ba ni na ba kaina ba, a gabanki dattawa suka zaunar da ni a kujerarsa. Ki kwantar da hankalinki, ki koya wa 'ya'yan mutane jan layi. In takarda ta fito zan aiko miki ki ga sunan da ke kai da idonki, sai ki sa rula ki auna shi.

Ki ci tuwon da kyau, mu ga ko za ki yi ƙiba.

Yayanki,
Oduro

Bolgatanga,
5 ga Fabrairu, 1996.

Yaya Oduro,

Na gode Allah da ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi. Ni ma lafiya nake.

"Ana gobe-gobe Kirsimeti" ba rana ba ce. Abu biyu na tambaye ka, ka amsa ɗaya da rabi-rabi, ɗayan ka mai da shi wasa. Tunda ka ce in jira in ga sunan da ke kai, na gane. Mutum ba ya ɓoye suna in ba nasa ya rubuta ba.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ina da shekara tara ka zo gidanmu, kana da goma sha huɗu, ba ka san sifana daga guduma ba. A mako na biyu Baba ya rataya maka gilashin walda. Ni kuwa in na tsaya a ƙofar shago sai ya ce, "Birago, tartsatsi ba ya son 'yan boko, koma ga littafinki." Na koma. Na zo ta ɗaya sau goma sha ɗaya a jere, ya ce madalla, ya juya ya tambaye ka ko ka ɗaure noti. Shekara huɗu na yi ina karatun injiniya don in dawo ya miƙo mini gilashin nan da hannunsa, bai jira ba. Da ya rasu dattawa suka yi abin da aka saba, ɗan 'yar'uwa ke gado. Shago ya zama naka, da injin lanƙwasa ƙarfe, da gonar Ofoase, har saƙaƙƙen zanen kente da yake sawa ran Ista. Mu 'ya'yansa uku aka ba mu haƙuri. Ban yi ƙorafi ba, domin haka aka yi wa wasu kafin mu. Amma dattawa ba su ba ka sunansa ba. Wannan ba ya cikin kayan da aka lissafa.

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a mun karanta ƙa'idar wannan takarda. Sabon abu kaɗai ake ba wa. Abin da aka riga aka buga aka raba wa jama'a ba sabo ba ne, ba a ba kowa takardarsa.

To, ka tuna littafin jana'izar Baba, wanda ni na rubuta tarihin cikinsa. An buga ɗari shida, an raba ɗari biyar da saba'in da ɗaya ran Asabar, 16 ga Oktoba, 1993. Ragowar suna akwatin Mama, ban da ɗaya da ke wurina. Shafi na goma sha ɗaya zanen Tsohuwa ne, ciki da waje, da awon kowane ƙarfe, da karkatar bel ɗinta digiri goma sha takwas, da shekarar da aka ƙera ta. Na sa shi ne don kada a binne Baba a matsayin mai gyaran mota kawai.

Ba na so in yi wannan. Ina ba ka zuwa ran Alhamis, 29 ga wata. Ka rubuto mini a fili sunan da ka sa. In ban ji daga gare ka ba, washegari zan aika da littafin ofishin rajista a Accra. Gara kowa ya rasa da a ce kai ka ƙera Tsohuwa.

Rubutun ya karkace. Ka yi haƙuri da shi.

Birago

Bolgatanga,
2 ga Maris, 1996.

Yaya Oduro,

Da fatan kuna lafiya.

Tun daga ran 12 ga Fabrairu kullum sai na je gidan waya bayan tashi daga makaranta, har ma'aikacin ya daina jira in tambaya, daga nesa yake kaɗa mini kai. Na ƙara maka rabin yini a kan wa'adin, ko wasiƙa za ta zo a motar safe. Ba ta zo ba.

Jiya Juma'a, ƙarfe biyu da minti goma, na aika da littafin ta wasiƙar rajista, da bayani shafi ɗaya. Ban zage ka a ciki ba. Na rubuta abin da ya faru kawai, da ranakunsa, na lanƙwasa kusurwar shafin don kada su sha wahalar nema.

Na ɗauka zan ji sanyi. Da na fito sai na ga na bar lemata a kan kanta, kuma ban iya komawa ba. Amma shirunka amsa ce, kuma kai ka zaɓe ta.

Ka gaida Gwaggo, in za ta karɓa.

Birago

Suame, Kumasi,
16 ga Fabrairu.

Birago,

Muna lafiya. Yau babu wasa.

Takardarki ta yi kwana goma a hanya. Ba zan ba gidan waya amsar ba. Zan ba Boakye direba, gobe zai tashi ɗauko tumatir a wajenku, jibi war haka tana hannunki.

Ki saurara da kyau. Sunan da na sa a gurbin wanda ya ƙirƙira shi ne Kwadwo Ampofo, babanki, kawuna. Na ɗauko kwafin takardar a ƙarƙashin katifa na duba, ran 19 ga Disamba na shigar, tunda rana kike so. Ban faɗa miki ba ne don ina so in zuba miki ido ranar da za ki buɗe ki gani. Wautata ke nan. A gurbin mai mallaka kuwa sunana na sa, ba zan yi miki ƙarya ba. Magajinsa ne ni. Ba ni na yi al'adar ba, kuma ba zan ce ba na so ba.

Ga dalilin gaggawa. Wani kamfani a Tema ya ji ƙishin-ƙishin, suka aiko mutum sau biyu. Ban ɗaga masa tamfal ba. Na ce in takarda ta fito mu yi magana, su ƙera da yawa, amma kowane inji ya fita da farantin tagulla a gaba, an rubuta AMPOFO. Ya yarda, don in akwai takarda ba shi da wata hanya. In babu takarda ba ya buƙatar yardata, ba ya buƙatar sunan kowa. Kin gane? Daga nan har Abijan, duk inda mace ke tsince kwakwa, sunan Kawu za ta gani.

Maganar littafi kuwa, wallahi ban san akwai zane a ciki ba. Wa ke karanta littafin jana'iza, Birago? Hoto ake kallo, a yi fifita da shi, a kai gida yara su yage. Ni ranar ina zaune cikin baƙin zane ina gaisawa da mutum dubu, hannuna har ya kumbura. Da na karanta takardarki na je wurin Mama ta buɗe akwati. Na ga shafin da idona. Kin zana ta kamar za ta yi magana. Don Allah, don darajar Kawu, ki rufe shi a inda yake. Shekara biyu da rabi ba wanda ya kula da shi, ki bar shi ya ci gaba da barci.

Akwai abu ɗaya kuma. Kin san in ɓawo na da danshi yana manne wa bel, kafin awa guda Tsohuwa ta shaƙe. Abin da ya hana Kawu sakat ke nan har ya kwanta. Bara da damina na sa mata burushi a ƙasa yana share bel ɗin, na kuma ɗora kan bel ɗin a kan jak ɗin mota, a ɗaga ko a sauke gwargwadon danshi. Yanzu wuni take yi ba ta tari. Wannan ban sa shi a takarda ba, don ban iya zana shi yadda suke so ba, kuma na ji kunyar tambayarki.

Gilashin da kike magana yana nan a rataye. Kawu ya hana ki ne don tartsatsi ya ci masa ido ɗaya, kin sani. Ni ɗan 'yar'uwa ne, idona ba shi da tsada.

Ki amsa ta hannun Boakye.

Oduro

Bolgatanga,
13 ga Maris, 1996.

Yaya,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ina fata kana lafiya.

Jiya Talata, ina cikin aji, aka ce wani direba na nemana. Boakye ne, da takarda duk ta yi baƙin mai. Giyar motarsa ta karye bayan Kintampo, ya bar ta a can ya koma neman kaya, wasiƙarka na maƙale a bayan madubi. Kwana ashirin da biyar. Ya ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ai takarda ba tumatir ba ce, ba ta ruɓewa." Na ce masa ba kome. Na karanta a tsaye a bakin aji, na sallami ɗalibai saura minti ashirin a tashi, abin da ban taɓa yi ba.

Ka riga ka sami tawa ta ran 2 ga wata, ka san abin da na yi. Na ruga gidan waya, ma'aikacin ya buɗe littafinsa ya nuna mini an karɓa a Accra tun ran 6. Yau na rubuta musu cewa na janye. Na san ba zai yi amfani ba. Ba ni suke dubawa ba, shafin suke dubawa, kuma abin da ido ya gani ba a ce masa ya mance.

Tun jiya nake gaya wa kaina cewa ko ban aika ba takardar a kan rairayi za ta tsaya, don duk wanda ya tsinci littafin nan wata rana zai iya rushe ta. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa ba don haka na aika ba. Kuskuren farko na yi shi a 1993 don son Baba. Na biyu na yi shi bana, kuma ba don Baba ba ne.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. A duk wasiƙarka, wurin da ya fi ci mini rai ba maganar farantin tagulla ba ce, Allah ya yafe mini. Maganar burushi da jak ce. Aikina na kammala jami'a a kan shaƙewar bel ɗin nan na yi shi. Shafi tamanin da huɗu, da lissafi, aka ba ni maki mafi girma a ajinmu, kuma ban warware ba. Kai ka warware da jak ɗin mota.

Ka rubuto, ko da zagi ne. Ka ba gidan waya.

Ƙanwarka,
Birago

Suame, Kumasi,
20 ga Mayu.

Birago,

Muna lafiya. Takardunki huɗu duk sun zo. Ban amsa ba don abin da ke bakina a lokacin ba na takarda ba ne. Gwaggonki ta ce kada in ƙara rubuta miki har abada, ta kuma ce in tambaye ki ko kina samun manja a can.

Accra sun amsa. Sun ƙi. Na sa aka karanta mini sau biyu don Turancin ya yi kauri. Sun ce injin ba sabo ba ne, an riga an bayyana shi a matsayin aikin K. Ampofo na 1981, a cikin littafin da B. Ampofo ta rubuta. To ga shi nan, ke da Kawu kun shiga littafin gwamnati tare. A shafin waɗanda aka ƙi.

Mutumin Tema bai ƙara zuwa ba. Na ji ya bi 'yan cocinmu gida-gida har ya sami littafin a wurin wata tsohuwa da ta ajiye shi a cikin Baibul. Makon jiya na ga injin a bayan wata mota a tashar Kejetia, an shafa masa koren fenti, da sunan kamfani da manyan baƙaƙe. Na bi motar da ƙafa har ta ɓace mini. Awonki ne, ko noti ɗaya ba su canza ba. Ashe kin iya aiki.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa na ɗauki biro. Ke mai son gaskiya da kwanan wata, littafinki akwai ƙarya a ciki. Kin rubuta cewa Kawu "shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba" ya gano dabarar. Ina wurin, ke kina makaranta. Mama ce ke zaune a bayan shago da kwakwar da ta fasa, ba ta son taɓa ruwan yumɓu don yana tsattsaga mata hannu. Sai ta jingina faranti a gwiwarta a karkace, ta shimfiɗa tsumman buhu a kai, tana zubawa kaɗan-kaɗan. Ƙwallon mai zagaye ya gangara cikin kwano, ɓawon ya maƙale a buhu. Kawu ya tsaya da guduma a hannu ya fi minti goma yana kallo. Ya ce, "Akua, sake yi in gani." Ta ce, "Kai dai ba ka da aiki." Washegari ya fara yanka ƙarfe, ni na riƙe masa. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa yake ce wa injin Tsohuwa? Tsokanar matarsa yake yi. Kin auna kowane ƙarfe a jikin injin nan, ba ki tambayi matar da ke dafa miki abinci ba.

Saura magana ɗaya. Ma'aikacin Accra mutumin kirki ne. Da na ba shi labarin burushi da jak, ya ce wannan ba ya cikin littafin jana'iza, don haka ana iya shigar da shi daban, in an kawo zane na ƙa'ida. Injin Tema kuwa damina na nan tafe, kin san abin da zai same shi kafin awa guda. Za su dawo.

Na zana abin a takardar buhun siminti, na auna da tef, ga shi a ciki. Ba roƙonki nake yi ba. Faɗa miki nake yi.

Oduro

Bolgatanga,
1 ga Yuni, 1996.

Yaya Oduro,

Na gode da ka rubuto. Ina lafiya. Ka gaya wa Gwaggo ana samun manja, amma ba kamar nata ba.

Ga zane shafi biyar, da kwafi biyu-biyu. Na naɗe su a cikin bututun kwali, kada ka lanƙwasa, kada ka taɓa da hannun mai. Awo ɗaya ya ɓace a takardarka: tazarar da ke tsakanin gashin burushi da bel. Na bar gurbin da fensir. Ka auna sau uku, ka rubuta na tsakiya. Kada ka nuna wa kowa, ko fasto ne, sai ka karɓi rasit mai kwanan wata a Accra. Na san ba ni ce ya kamata in ba da wannan shawarar ba.

Sau uku na zana shi ina neman kuskure a dabararka. Babu. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba. A gurbin wanda ya ƙirƙira ka sa sunanka, kai kaɗai. Naka ne.

Maganar Mama na yi kwana biyu ban iya komawa kanta ba. Na tuna farantin, mai tsatsa a gefe, da shi nake kai wa Baba abinci. Na tuna buhun ma. Shekara da shekaru ina kuka an mance da Baba, an mance da ni, ashe da hannuna na share ta, na buga sau ɗari shida.

Ba ni da ikon neman kome a wurinka. Amma in mutanen Tema sun dawo, kuma har yanzu akwai maganar farantin tagulla, na zana yadda nake ganin zai kasance a shafi na biyar. Suna uku ne: Akua Nyarko, Kwadwo Ampofo, Yaw Oduro. Ka karanta wa Mama da kanka, kada ka ba malamin coci, zai mai da shi wa'azi. Ka rubuto mini abin da ta ce, kalma da kalma.

Ƙanwarka,
Birago

Suame, Kumasi,
18 ga Yuni.

Injiniya,

Muna lafiya. Na kai, sun karɓa, ga lambar rasit a baya. Ran 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Kin ga na koyi hankali. An fara ruwa sosai, kuma mutumin Tema ya aiko a gaishe ni.

Na je na sami Mama tana jajjaga barkono, na karanta mata farantin. Ga abin da ta ce, kalma da kalma. Ta ce, "Sunana a jikin ƙarfe? Me na yi wa Birago?" Na ba ta labarin faranti da buhu. Ta yi dariya har ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Wannan ai ba ni ba ce. Kakata ce take yi a Ofoase, da ƙyallen tabarma, ina ƙarama ina tsince mata." Na ce to yaya sunan kakar, mu sa. Ta kalli turmi. Ta ce, "Nana kawai muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace kaka." Na tambayi gwaggonki, na tambayi dattawa biyu. Ba wanda ya riƙe.

Don haka zan bar layi ɗaya babu rubutu a saman farantin. In mai saye ya tambaya, sai a ba shi labari.

Abu na ƙarshe. Na sa rula a zanenki na shafi na biyar. Baƙaƙen sunan Mama da na Kawu milimita takwas-takwas ne. Nawa shida. Ke ba kya kuskuren awo, Birago, duk Kumasi an sani.

Na bar shi haka. In kin gama bautar ƙasa ki zo, gilashin na nan a ƙusarsa.

Yayanki,
Oduro